Ɗakin coci na gumagumai da aka rufe cikin gilashi a Hershey: adanawa ce ko binnewa?

Baban_Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar na kai yara Hershey, garin cakulan ɗin nan na jihar Pennsylvania, daga Harrisburg inda muke ko rabin awa ba a yi. Da za mu dawo na bi ta wata hanya don gudun cunkoso, kawai sai na hango abin da ya sa na taka birki a harabar wani coci, Derry Presbyterian. Wani ɗan ƙaramin ɗaki ne na gumagumai, an jera su kwance ɗaya kan ɗaya an cike tsakaninsu da yaɓe, to amma shi ɗakin kacokan ɗinsa yana cikin wani ɗakin na gilashi, kamar yadda mai sayar da agogo ke saka kayansa a shokes. An gina shi 1732, gilashin kuma a 1929 aka yi masa, mai kamfanin cakulan ɗin Milton Hershey ne ya biya. Hanifa ta manna hanci a gilashin tana tambayata wai Baba laifin me ya yi aka kulle shi. Na yi dariya amma tun ranar maganar take yi min yawo a ka. Tambayata: wannan adana gini ne ko binne shi ne a tsaye?

Hajiya_Bronx: Hahaha Allah ya raya Hanifa, ta fi mu kaifin ido. Ni dai in ana maganar 1732 ai dole a saka shi a gilashi, mu da kujerar falo ma ba ma cire mata leda.

Sadiq_Kn: shekara kusan 300 kenan fa. itace?? anya ba sabo suka yi suka liƙa masa shekaru ba

Malamin_Tarihi: @Sadiq_Kn itace yana kaiwa haka har ya wuce in bai sha ruwa ba. Amma Baban Hanifa bari in ɗan gyara maka, wancan ɗakin ba shi ne majami'ar da ake taruwa ranar Lahadi ba. Session House suke ce masa, wato ɗakin zaman dattawan ikilisiya. Su 'yan Presbyterian tsarinsu ba bishop, dattawa ake zaɓa su riƙe coci tare da fasto, sunan ma daga kalmar Girkanci ya fito mai nufin dattijo. A nan ake zama a yanke shawara, a sasanta rigima, a tuhumi wanda ya yi abin kunya, fasto ya yi karatunsa, har yara an koyar a ciki. Kusan a ce zauren cocin ne. Ita ainihin tsohuwar majami'ar ta katako ba ta nan, ta lalace aka rushe ta aka yi ta dutse a shekarun 1880. Wannan ɗan ɗakin ne ya tsira. Don ku gane nisan zamanin: shekarar da aka gina shi aka haifi George Washington, saura shekara 44 Amurka ta ayyana 'yancin kanta, Shehu Ɗanfodiyo kuwa sai bayan shekara 22 aka haife shi.

Baban_Hanifa: Na gode Malam, na karɓi gyara. Dama na yi mamaki don ɗakin ko mutum ashirin da kyar ya ɗauka.

Mama_Ladi_Jos: Malamin Tarihi ya faɗi daidai. Kuma ni a matsayina na Kirista wannan abin ya fi taɓa ni fiye da a ce babban coci ne. A ƙauyenmu ɗakin da kakanninmu suka fara sujada a ciki na laka ne da jinka, da aka samu kuɗi aka yi na bulo sai aka mai da shi sito, ana zuba tsofaffin benci da buhunan siminti, wata damina ya zauna. Ba wanda ya ɗau ko hoto. Yanzu in jikokina suka tambaye ni sai dai in nuna musu fili inda ake shanya masara. To ni a ba ni gilashin sau goma.

Kafinta_Mai_Gizago: Ni ba ɗan boko ba ne amma shekarata 26 ina aikin itace, bari in faɗi nawa. Itace ba tsufa ke kashe shi ba, ruwa ne. Ruwa in ya zauna a jikinsa ya ƙi bushewa shi ke kawo ruɓa, ruɓa ta kira ƙwaro. A irin wannan ginin gungumen da ke can ƙasa shi ke fara mutuwa don shi ke shan danshin ƙasa da fantsamar ruwan da ke zubowa daga rufi, sai kuma kusurwa inda aka sassaƙa bakin itatuwan aka harɗe su, don ta baki itace ke zuƙar ruwa kamar rake. In ka kare rufi, ka ɗaga na ƙasa a kan dutse, ka bar iska tana wucewa, to jikan jikanka zai same shi. Saboda haka shi mai cakulan bai yi wauta ba, laima ya yi wa ɗakin. Abin da zan so sani kawai, iska tana shiga? Baban Hanifa ka lura ko gilashin yana gumi ta ciki?

Baban_Hanifa: Wlh ban ga gumi ba Malam Kafinta, amma da rana tsaka muka je. Abin da na lura da shi shi ne sawun gatari a jikin gumaguman, sara sara a jere ba su daidaita ba, kana gani ka san hannu ne ba inji ba. Na so in shafa, ba dama, ta waje muka leƙa.

Kafinta_Mai_Gizago: To ka ji inda ni ma ke min ciwo. Aikin hannu da hannu ake karanta shi.

Injiniya_Zazzau: Tambayar Kafinta ita ce ainihin tambayar. Gilashi makami ne mai kaifi biyu in ba a tsara shi da kyau ba, da rana yana tara zafi kamar motar da aka rufe a rana, da dare ya yi sanyi raɓa ta kwanta ta ciki, itace ya kumbura ya tsuke ya kumbura ya tsuke har ya tsage. Ga hasken rana da ke cin fuskar itace a hankali. Shi ya sa duk inda aka yi irin wannan sai an bar mafitar iska sama da ƙasa kuma a riƙa dubawa. Amma a yi adalci, can suna da dusar ƙanƙara, ruwa ya shiga tsaga ya daskare ya buɗa ta, bazara ta zo ya narke, kowace shekara haka. Ɗakin nan ya yi kusan shekara 200 a waje, ya kusa 100 a ciki, kuma yana tsaye. A 2006 ma da aka saka shi a rajistar wuraren tarihi ta ƙasar Amurka, da ɗakin da gilashin aka haɗa aka rubuta, wato shi kansa gilashin ya zama kayan tarihi.

Hajiya_Bronx: To saura a yi wa gilashin nasa gilashin 😂

Ɗan_Zangon_Kumasi: Ni abin da ya tsaya min kuɗin cakulan ne. A shekarun 1920 ɗin nan ba ƙasar da ta kai Gold Coast, wato Ghana ta yau, fitar da koko a duniya, don haka kar ku yi mamaki in gumin kakanninmu na cikin gilashin nan. Ku turo mana namu kason. Af, Presby kuma muna da su sosai a nan Ghana, makarantunsu ko'ina, ni kaina firamaren Presby na yi kuma ban fasa zuwa makarantar allo da yamma ba.

Sadiq_Kn: to wai mu meye namu a ciki da coci a amurka, ga ganuwar kano nan tana zubewa ana gini a kanta

Mama_Ladi_Jos: Ɗana Sadiq, da kunne ake jin labarin maƙwabci a gyara gida. Ba wanda ya ce ka shiga ka yi sujada.

Admin_Garba: Dan Allah kar a juya mana zancen nan ya koma na addini, mun sha fama. Maganar gini ake. Sadiq in kana son ta ganuwa buɗe mata nata zaren, za mu zo.

Malamin_Tarihi: Tunda an ce maganar gini, akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Waɗanda suka kafa Derry 'yan asalin Scotland ne da suka zauna a arewacin Ireland, daga can suka yi ƙaura, sunan Derry ma na garinsu ne na can suka taho da shi. Tun wajen 1724 suke taruwa a wurin, faston farko da ya zauna musu William Bertram a 1732 ya zo. To a ƙasar da suka baro ba a gini da gumagumai, dutse da laka suka sani. A Amurka suka tarar da fasahar a hannun 'yan Suwidin da Finland da suka sauka bakin kogin Delaware tun 1638, da kuma Jamusawa. Suka ga daji ne ko'ina, gatari kawai kake buƙata, ba sai ka sayi ƙusa mai tsada ba, maƙwabta su taru kamar gayya a ɗaga ɗaki cikin kwanaki. Ba don ya daɗe suka yi shi ba. Na wucin gadi ne kafin a samu halin na dutse, shi ya sa yawancinsu suka ɓace. Misali makarantar da fasto William Tennent ya buɗe a Neshaminy wajen 1727, wadda ake yi wa ba'a da sunan Log College, wato kwalejin gumagumai, ɗalibanta na cikin waɗanda suka raini kwalejin da ta zama jami'ar Princeton, amma yau ko gungume ɗaya babu, dutsen tunawa kawai aka kafa a wurin.

Baban_Hanifa: Kenan da masu ginin za su tashi su ga an saka ɗakinsu na wucin gadi a gilashi dariya za su yi mana.

Aisha_Archi: Ni ina bayan Hanifa gaskiya. A aji an koya mana Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana tsofaffin gine-gine, ita kanta ta ce abin da ya fi taimakon tsohon gini shi ne a ci gaba da amfani da shi. Ga misali nan kusa da ku Baban Hanifa, cocin Paxton, 'yan uwan na Derry ne har fasto sun taɓa haɗawa, ginin dutse na 1740 kuma har yau ana ibada a ciki. Wanne ne ya fi rai? Gini in ba a shiga, ba a share shi, ba wanda zai ce kai yau na ji warin rima a kusurwar can. Masu zama a ɗaki su ke fara sanin ciwonsa.

Injiniya_Zazzau: Ƙanwata kin haɗa dutse da itace. Ki bar mutum dubu su riƙa shiga wancan ɗan ɗakin duk wata, wannan ya shafa, wannan ya ɓantari ɗan guntu ya kai gida tsaraba, wani ya rubuta sunan budurwarsa da makulli, ki ga ko zai kai shekara ashirin.

Aisha_Archi: Yallaɓai ban ce a mai da shi tasha ba. Akwai tsakiya ai. Rumfa a sama, gefe a buɗe, a shiga da ƙa'ida.

Ɗan_Agadas: Assalamu alaikum, ina bin ku tun safe. Mu nan hasumiyar babban masallacinmu ta laka ce, itatuwan da kuke gani sun fito a jikinta ba ado ba ne kaɗai, su magina ke takawa in za a sake yaɓe. UNESCO ta saka tsohon garin Agadas a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2013 amma ba UNESCO ta tsai da ita ɗaruruwan shekaru ba, hannun mutane ne. Haka Djenné a Mali, duk shekara gari ke fita a yaɓe masallaci. In ka rufe irin wannan a gilashi laka za ta tsira amma magina za su mutu, yaron da ya kamata ya koya a bayan ubansa ya tafi kabu-kabu. To ban san na itace ba, amma ina ji duk ɗaya ne.

Kafinta_Mai_Gizago: Ɗaya ne wallahi ɗan uwa. Kuma mugun gyara ya fi rashin gyara. Na taɓa ganin wani gidan gargajiya da aka ba wani ɗan kwangila, ba zan kama suna ba, ya zo ya shafe bangon laka da siminti ya toshe bakin azara, ranar buɗewa kowa na tafi. Damina biyu simintin ya fara kumbura yana faɗowa falle falle, da muka ɓalla sai ga azara ta zama gari a ciki, da yatsa nake tone ta. Siminti ba ya numfashi, ruwan da ya shiga ba ya fita.

Injiniya_Zazzau: Abin da ya kashe gidajen gumagumai da yawa a Amurka kenan. Asalin abin da ake cusawa tsakanin gumagumai guntayen itace ne ko duwatsu, a bi da laka haɗe da farar ƙasa da gashin dabba ko ciyawa, yana tsagewa a sake, kamar yaɓenmu. Da siminti ya zo aka ce an huta, ashe ruwa yake riƙewa a jikin itacen. Masu gyara na yanzu cire shi suke su koma wa farar ƙasa, inda ya ruɓe a yanke wurin kawai a saka irin itacen, a sa maganin ƙwari, in gungumen ƙasa ya tafi gaba ɗaya a ɗaga ɗakin da jak a zare shi a sa wani.

Sadiq_Kn: to kun dawo kan maganata. in an canza na kasa yau gobe an canza na sama, a karshe dakin 1732 ne ko na bana?

Malamin_Tarihi: Wannan karon Sadiq ka yi tambaya. Kuma zarginka na farko ba a banza yake ba, ya taɓa faruwa. A Kentucky akwai ɗakin gumagumai da aka daɗe ana cewa a ciki aka haifi Abraham Lincoln a 1809, aka gina masa katafaren ginin dutse aka buɗe a 1911, matakala 56 adadin shekarunsa. Daga baya masana suka ƙirga zoben shekaru na cikin itatuwan suka ga an sare su ne shekaru da yawa bayan haihuwarsa. Yanzu hukuma da kanta alama kawai take kiransa. A Rasha kuma ɗakin katakon Sarki Peter na 1703 a St Petersburg yana cikin ginin jan bulo, shi kam na gaske ne. A Japan wurin bautar Ise duk shekara 20 sake gina shi ake sabo fil, na baya-bayan nan 2013, kuma su a wurinsu shi ne dai na da, don ilimin ginin ne abin gadon ba katakon ba. Kowa da abin da yake kira asali.

Bazazzagiya: Kuna ta zuwa Japan da Rasha, ga namu a gida. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, shekarun 1830, shi ma ai a shekarun 1970 aka yi masa sabon gini aka lulluɓe tsohon a ciki. Ina yarinya nakan leƙa in ga bakan gizon nan na laka, kai ka ce ba hannu ya yi ba. Agustan 2023 wani sashe ya rufta ana sallar La'asar aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Tun daga ranar in na ji an ce an rufe tsohon gini don a kare shi sai gabana ya faɗi.

Mama_Ladi_Jos: Allah ya jiƙansu ya ba iyalai haƙuri. Akwai kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya nan Jos, na kai ɗalibai sau biyu.

Injiniya_Zazzau: Amin. Bambancin dai a kula, na Zariya ana shiga ana cika shi, na Hershey ba mai kwana a ƙarƙashinsa. Amma rufi ba ya ɗauke wa kowa aikin dubawa, a nan na yarda da ke.

Nura_Philly: Ni wani ɓangare nake so a taɓo, tunda ana adana tarihi a adana shi duka. Ƙasar da aka yi waɗannan coci-cocin da mutanenta, 'yan asalin Amurka. A Disambar 1763 wasu mazauna yankin Paxton da ake kira Paxton Boys suka kashe mutanen Conestoga su 20, shida a ƙauyensu, sauran 14 har cikin gidan da aka ɓoye su a Lancaster aka bi su, da mata da yara. Ba wanda aka hukunta. Benjamin Franklin ya yi rubutu ya la'anci abin. Faston Paxton na lokacin John Elder, wanda ake cewa da bindiga yake hawa mumbari, daga baya ya riƙe Derry ma. To in yaro ya leƙa gilashi ya ga ɗan ɗaki mai kyau, wa zai gaya masa wannan?

Mama_Ladi_Jos: Gaskiya ce mai ɗaci kuma ban ƙi a faɗa ba. Amma in ɗakin ya ruɓe ma ai ba za a faɗa ba Nura. Gara yana nan a tsaya a gabansa a yi maganar.

Nura_Philly: Na yarda Mama, in dai za a yi maganar.

Hajiya_Bronx: Ni fa har yanzu ba wanda ya gaya min me ya sa mai cakulan ya kashe kuɗinsa, ɗan cocin ne?

Malamin_Tarihi: Iyayensa 'yan Mennonite ne Hajiya, wata ɗariƙar Kirista ce daban, amma ɗan yankin ne, a nan aka haife shi 1857, ya je ya yi ta faɗuwa a sana'ar alewa a wasu garuruwa, da ya yi arziki ya dawo gida ya kafa masana'antar kusa da cocin. Kafin garin ya ɗau sunansa ma Derry Church ake ce wa wurin.

Aisha_Archi: To kun gani, attajiri ɗaya ne ya ga dama. Wanda bai da Hershey a unguwarsu fa? Ni shi ya sa na fi yarda da tsarin Ɗan Agadas, ba ya jiran mai kuɗi.

Ɗan_Agadas: Yana jiran matasa kuwa 'yar uwa, su ma yanzu sai an roƙa.

Baban_Hanifa: Kai jama'a na zo da tambaya ɗaya na koma da bakwai. Na karanta wa Hanifa wasu amsoshin, ta ce ita dai a buɗe masa taga. Malam Kafinta in sanyi ya shigo zan koma da sassafe in duba maka maganar gumin, in ɗauko hoton kusurwar da kyau ka gaya mana irin sassaƙar.

Kafinta_Mai_Gizago: Ka durƙusa ka ɗauko min na can ƙasa, wanda ke kan dutse. Na sama ba ruwana da su.

Sadiq_Kn: na bude zaren ganuwa, admin kace zaku zo